Agogon Malam Hammawa

"Malam, ka tashi daga kan zabirar mutane!"

Ban san na ɗaga murya haka ba sai da na ji kaji sun watse a tsakar gida. Malam Hammawa kuwa ko gezau. Yana zaune daram a kan zabirar Sarkin Aska a cikin zaurena, daga shi sai singileti da zanen matarsa da ya ɗaura a ƙugu, ƙafafun nan a kumbure sumtum. Mutumin da asibiti suka sallamo suka ce a kai shi gida a yi ta addu'a, mutumin da ko buta sai an riƙe masa, shi ne ya dafa bango ya lallaɓo gidana don ya hana ni abin da uwata ta yi mini, ni ma na yi wa 'ya'yana.

"Malam, akwai asake a ciki fa," in ji Sarkin Aska, yana murza hularsa a hannu. "Kada su yi maka illa."

"Su yi mini. Nawa jinin yana tsayawa."

Ranar Talata ce, kwanan jikata uku a duniya. 'Yata Lubna ta zo wankan gida wurina a nan Dutse Uku, haihuwarta ta fari, na kira wanzami ya cire wa jaririya beli, ɗan naman nan da ke reto a maƙogwaro. Kowa ya san in aka bar shi yaro ba ya kama nono sosai, ga tari, ga amai. Aikin minti ɗaya ne. Na ɗora ruwan zafi, na shimfiɗa tabarma, na shiga ɗaki ɗauko yarinya, na fito na tarar da wannan abin kunya.

"Maman Lubna," ya ce, yana haki, "tsummokaran da kika shanya jiya na gan su ta kan katanga. Jinin cibiya ne. Kwana uku bai tsaya ba."

"Au! Har shanyata kake leƙe? Oh ni Tabawa! Kana kwance rai a hannun Allah, amma idonka yana kan igiyata?"

"Akwai tabo a jikinta? Shuɗi-shuɗi, inda aka riƙe ta?"

Akwai kuwa. Biyu a damtse, ɗaya a cinya. Na ce hannun ungozoma ne.

Bari in gaya muku wane ne Malam Hammawa, don kada ku ce ni ce marar mutunci. Shekara ashirin muna katanga ɗaya da shi. Bafulatani ne dogo siriri, ɗan makiyaya, wanda boko ya ɗauke tun yana ƙarami ya kai shi har ƙasar Turawa. A jami'a yake aiki, wasu su ce Dakta, wasu su ce Farfesa, mu a unguwa Mai-agogo muke ce masa. Likita ne wai, amma kai masa ciwon kai ka gani. Ba allura, ba ƙwaya. Sai ya zaunar da kai, ya tsaga maka fatar kunne da wani ɗan tsinke, ya danna wani agogon ƙarfe mai maɓalli a ka, ya riƙa ɗiga farar takarda a wurin yana jiran jini ya tsaya. In ya tsaya ya rubuta a littafi ya ce ka tafi, lafiyarka ƙalau. Ciwon kanka kuwa yana nan inda ka zo da shi.

Ba kunnen da bai tsaga ba a layinmu. Da mai shayi, da teloli, da matan aure in mazansu sun yarda. Sau da yawa ni yake kira in riƙe masa kan yara, don matarsa Dada Adama ba ta son ganin jini. Ga tambayoyi na rashin ta-ido. Wa ya auri wa a danginku? Kakarki da kakan mijinki me ya haɗa su? Wa ke yawan haɓo? Har abin da mace ba ta faɗa wa namiji sai ya tambaya, fuskarsa ƙalau kamar yana tambayar farashin tumatir.

Duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ya tsaya mini a rai daban yake.

Ɗana na fari shekararsa bakwai aka yi musu kaciya, su shida 'yan layi ɗaya. Biyar suka warke. Nawa jini ya ƙi tsayawa. An sa bagaruwa, an sa toka, an ɗaure, an yi tofi, yini biyu ana abu ɗaya. Malam Hammawa, a lokacin bai fi wata uku da tarewa ba, shi ya ji kuka ya shigo ba sallama, ya sungumi yaron ya sa a motarsa. Jininsa ma ya bayar aka ƙara masa. Allah bai yi ba. Wannan alherin ban taɓa musunsa ba, kuma ba zan musa ba har in mutu. Amma ko sadakar arba'in ba a yi ba, sai ga shi da littafi da biro, wai in faɗa masa tun yaushe yaron ke haɓo, kuma ni da mijina Malam Isa ta ina muka haɗa jini. Ruwan wanke-wanke ne a gabana, shi na watsa masa. Ya tsaya yana share gilashinsa da bakin riga, ya ce, "To, zan dawo jibi." Kuma wallahi ya dawo. Malam Isa, Allah ya jiƙansa, shi ya zauna da shi a zaure ya ba shi amsa.

Da za a aurar da Lubna ga Zubair, ɗan ƙanin mahaifinta, yara suna son junansu kowa yana murna, shi kaɗai ya zo ɗaurin aure da fuska kamar an aiko masa da mutuwa. Wai da an bari an gwada su tukuna. Na ce Malam, tuwona maina ne, a gidanmu haka muke yi tun kaka da kakanni.

To shi ne yau ya zauna mini a kan zabira.

"Ki ba ni zuwa Asabar," ya ce. "Immaculata tana Ibadan, tana dawowa Asabar. Ɗalibata ce, ita ke riƙe da ɗakin gwajina yanzu. Ta duba yarinyar. In ta ce lafiya, ni ba ruwana."

"In gwaji ne, ga asibiti nan birjik a Jos."

"Za su ƙirga su ce komai ya cika. Ai ya cika ɗin." Ya tsaya ya ja numfashi. "Na sha gaya miki. A cikin jini akwai wasu 'yan ƙwayoyi, aikinsu faci. In an ji rauni su taru su manne da juna su toshe wurin. A danginku wasu yaran suna da su cif, ba ɗaya da ya ɓace, amma ba sa mannewa. Wannan ba kowane asibiti ke iya ganinsa ba."

"Kwana ne in ya ƙare ya ƙare, Malam. Kai ma ga ka nan."

Ban so na faɗi haka ba. Bakina ne, ba ya jiran shawarata. Shi kuwa dariya ya yi, har ta sarƙe shi ya hau tari.

"Gaskiyarki. Nawa ya ƙare. Nata ne ban yarda ba."

Sarkin Aska ya gaji da tsayuwa, ya ce shi yana da aski a Rikkos, in mun shirya a aika masa. Na ce ya dawo ranar suna a haɗa da aski gaba ɗaya. Sai a lokacin Malam ya yarda aka ɗaga shi. Ni da Dada Adama muka kama shi, ta riƙe hannu ɗaya na riƙe ɗaya, kuma nauyinsa bai kai na buhun gawayi ba. A hanya tana ta ba ni haƙuri, ni kuwa ina ta mita har bakin gadonsa.

Kafin la'asar magana ta kai Rikkos gidan surukai. Sumayya, uwar Zubair, faccalata, ta kira wayar Lubna aka miƙo mini. Wai ta ji an ce wani tsohon ɗan boko ne ke mulkin gidana yanzu. Wai in yarinya ta ƙi nono ta rame, ni zan amsa. Na ce ta kwantar da hankalinta, Asabar ba shekara ba ce. Na ajiye waya ina jin kamar in haura katanga in shaƙe mutumin nan da hannuna. Lubna kuwa tana gefen gado tana kallona. Jaririyar 'yarta ce ta fari, ko ɗaukarta a gaban mutane kunya take ji, balle ta sa baki.

Ranar Alhamis da hantsi, bayan na tashi daga suyar waina, na zuba masa guda biyar a kwano na kai. Fushi daban, maƙwabtaka daban. An kwana ana ruwa, ɗakinsa yana yoyo ta kusurwa biyu, Dada ta tara roba da tukunya. Littattafai kuwa har rufi, wasu sun kumbura da danshi. Tun da kasuwar Taminus ta ƙone na dawo da suyata ƙofar gida, da takardunsa nake naɗe wa mutane waina. Kwali-kwali Dada ke ba ni in ruwa ya taɓa su. Takardu ne masu kyau, masu kauri, ba sa yagewa da mai. Na taɓa tambayarta ko Malam ya sani, ta ce shi ya ce a ba ni, wai aƙalla a samu mai taɓa su a unguwar nan.

Bai iya cin wainar ba. Ya dai sansana ya ce a ajiye masa.

"Cibiyar fa?"

"Da sauƙi."

"Ta tsaya ko da sauƙi?"

"Kai Malam! Ka ji da kanka mana. Dubi yadda ka koma. Maimakon ka riƙe carbi ka nemi gafara, kana nan kana lissafin cibiyar 'yar mutane."

"Ina yi duka biyun." Ya ɗaga hannu ya nuna mini carbin, yana naɗe a yatsunsa. "Askin ma da za ki bari."

"A'a! Nan kam ba ka isa ba. A bar ta da gashin haihuwa kamar marar dangi? Me zan ce wa mutane?"

Ya daɗe yana kallona. Idanunsa sun yi rawaya. Sai ya lalubi ƙarƙashin matashi ya zaro agogon nan, da 'yan fararen takardunsa a cikin wata tsohuwar ambulan.

"To riƙe wannan. Kin fi kowa ganin yadda nake yi. In aska ta taɓa ta ko da kuskure, ki danna. Doguwar allurar in ta zagayo sau ɗaya, minti ɗaya ke nan. Na mai lafiya ba ya wuce biyar, in ya yi nisa bakwai."

"Ni ba 'yar aikinka ba ce."

"Na sani. Shekara ashirin kina gaya mini."

Na karɓa don kawai ya ƙyale ni, na ɗaure a bakin zane. Har na kai ƙofa ya sake kira na.

"Maman Lubna. Ranar da na zo miki da littafi, ban kyauta ba. Ya kamata in jira. Tsoro nake kada ku manta yadda abin ya faru, shi ya sa na yi gaggawa."

Wai kada mu manta. Ni zan manta? Na buɗe baki zan ba shi amsar da ta dace da shi, sai na ga ya rufe ido, bakinsa a ɗan buɗe, kwanon waina a gefensa yana hucewa. Na ja masa ƙofa na fita.

Washegari Juma'a, ina cikin zuba ƙullu a tanda, na ji salatin Dada Adama ta kan katanga. Ba ta yi kururuwa ba, Fulani ba sa yi. Salati kawai, sau uku, na ukun muryarta ta karye. Na sauke tanda da wainar a ciki na shiga. Ta ce ya yi asuba a zaune, ya nemi ruwa, ya tambaya yau wace rana, ta ce Juma'a, ya ce saura kwana ɗaya ke nan. Daga nan bai ƙara magana ba.

Bayan an sauko daga masallaci aka kai shi. Mutanen layi ne, da 'yan uwansa da suka zo daga ruga da sandunansu, da wasu 'yan jami'a su kamar goma cikin kwat. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Amma ko a cikin kukan haushinsa nake ji. Ka tayar da rigima, ka haɗa ni da surukai, ka rasa ranar tafiya sai ana gobe suna, ka bar ni da ita ni kaɗai.

Ranar Asabar aka raɗa suna a Rikkos da safe, Habiba. Saboda makoki a jikin katanga muka ce ba kiɗa, ba hayaniya. Wajen ƙarfe goma Sumayya ta iso da mata cike da mota, Sarkin Aska yana biye da su da zabirarsa a kafaɗa. Ta yi mini gaisuwar maƙwabci a tsaitsaye, ta ce, "To, Allah ya jiƙansa. Shi ya tafi da maganarsa. A yi wa yarinya abin da ake yi wa kowa."

"An ce wata likita za ta zo yau."

"Tana ina? Yaya Tabawa, ke fa babba ce. Wata can da ba ta san al'adarmu ba za mu zauna jira? Sarkin Aska yana da wasu gidajen."

Gaskiya can cikin raina ni ma so nake a yi a gama in huta. Na ce a fara da aski.

Ni na riƙe ta a cinyata a bakin ƙofar ɗaki inda haske yake. Sarkin Aska gwani ne, hannunsa ba ya rawa, ya jiƙa kan da sabulu yana bi a hankali, gashin yana zuba a faranti. Saura kaɗan a gama, wani ɗan acaɓa ya danna ham a ƙofar gida, yarinya ta zabura. Askar ta ɗan taɓa bayan kunnenta. Abin bai kai tsawon ƙwayar shinkafa ba.

"Ba komai," in ji shi, ya dangwale da auduga. "Yanzu zai tsaya."

Ban san lokacin da hannuna ya kwance bakin zane ba. Na dai ji ƙas, na danna.

"Mene ne wannan kuma?" in ji Sumayya.

Ban kula ta ba. Na zaro farar takarda na ɗiga a wurin yadda na ga yana yi, ba a gogewa, taɓawa kawai ake yi. Ɗigo ɗaya. Allura ta yi rabin zagaye, na sake ɗigawa a gefensa. Na riƙe masa kan yara sun fi hamsin, na san yadda abin yake tafiya: ɗigon farko babba, na biyu ya ragu, a haka a haka har takarda ta fito fara. Zagaye uku. Zagaye biyar. Ɗigon nan duk girmansu ɗaya, kamar an auna. Na cika takarda ɗaya na ɗauki ta biyu.

Mata suka matso suna leƙe. Sarkin Aska ya riga ya fito da ɗan ƙarfen da yake cire beli da shi, yana riƙe da shi a hannu, ya tsaya yana kallon takardar.

Zagaye bakwai. Goma. Sha biyu. Jinin yana gangarowa siriri ta wuyanta yana shiga cikin zanen goyo, ita kuwa har ta yi barci abinta. Ɗan wannan tsagar, da ƙyar ido ke ganinta. Na dubi ƙarfen da ke hannun wanzami, na tuna inda za a sa shi, can cikin maƙogwaro inda ba mai iya dannewa da yatsa. Na ga tabarmar da muka shimfiɗa shekara ashirin da suka wuce, da tsummokaran da na yi ta wankewa yini biyu.

"A sa mata ɗan toka a wurin," in ji Sumayya, amma muryarta ta sauka. "A yi a cire belin a gama, rana tana yi."

Na miƙa wa Lubna 'yarta, na ce ta danne wurin da auduga kada ta saki. Na tashi na je inda zabirar take a kan tabarma, na zauna a kanta.

"Yaya Tabawa! Kin haukace ne?"

"Na haukace. Duk mai son ya taɓa maƙogwaron yarinyar nan sai ya ɗaga ni tukuna."

"Dangin uba ke da 'ya, in kin manta!"

"Ku ɗauke ta in ta yi wayo. Yau dai a gidana take."

Sarkin Aska ya naɗe ƙarfensa a tsumma ya sa a aljihu. Ya ce, "Hajiya Sumayya, ko ta tashi ni ba zan yi ba. Ban taɓa ganin tsagar aska ta kai haka ba." Ya samu gefen tabarma ya zauna, don zabirarsa tana ƙarƙashina.

A haka Dada Adama ta same mu, ta shigo cikin mayafin takaba, bayanta wata doguwar mace da siket da gilashi, idanunta jawur. Ita ce Immaculata. Daga tasha ta wuce gidan Malam, a can ta tarar da tabarmin makoki. Ba ta tsaya dogon gaisuwa ba.

"Mama, sannu. Ina yarinyan? Oga ya kira ni sau huɗu a kan shi."

Ta duba bayan kunne, ta duba cibiya, ta duba tabon damtse. Sai ta ga takardun a hannuna da agogo yana ta tafiya. Ta karɓa ta ƙirga ɗigon da yatsa.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni."

"Minti nawa?"

"Sha tara na daina ƙirge. Bai tsaya ba."

Ta dube ni, ta dubi zabirar da nake kai, ta cire gilashi ta share ido da bayan hannu. Ta fito da wata auduga daga jakarta ta manna a wurin, ta ce a kira uban, yanzu za a tafi asibiti, ba anjima ba. Mai jego ba ta fita kafin arba'in, amma ranar ba wanda ya tuna da wannan. Sumayya da kanta ta ɗauko wa Lubna mayafi.

Kwanansu huɗu a can. Gwaji ya nuna abin da Malam ya faɗa, ba ƙari ba ragi. Aka ba Zubair wani kati, aka ce duk inda za a kai yarinyar, ko haƙori za a cire mata, a fara nuna shi. Ba beli, ba hujin kunne, ba tsaga.

Ranar da aka sallamo su, Immaculata ce ta kawo su a motarta. Ina ƙofar gida ina suya. Na ce sai ta ci waina, na zari takarda daga kwando zan naɗe mata, sai ta riƙe mini hannu.

"Mama! Ina kin samu wannan?"

"Na Malam ne. Kwali-kwali ne da ni."

Ta durƙusa tana juya kwandon, tana cewa Yesu, Yesu. Wai wannan da nake naɗe waina da ita, likitoci sun kafa hujja da ita a rubuce-rubucensu sama da sau ɗari huɗu. Wai a Indiya, da Masar, da wasu ƙasashen da ban riƙe sunansu ba, inda ake auren zumunci irin namu, tambayoyin nan nasa na rashin ta-ido su ake yi wa iyaye kafin a taɓa yaro da wuƙa. Wai ɗalibansa sun fi arba'in, wasu su ke riƙe da manyan asibitoci. Tun ranar Juma'a saƙon ta'aziyya ke shigo mata daga ko'ina.

Na ce, "To duk wannan, aka rasa mai gyara masa rufin ɗaki? Mutum ɗari huɗu, ba mai kwano biyu da ƙusa?"

Ta yi dariya, hawaye yana zuba. Sai ta tsaya a kan wani shafi da mai ya riga ya taɓa gefensa. Ba rubutu ba ne, zane ne: 'yan da'irori da 'yan akwatuna an haɗa su da layi, kamar reshen bishiya a kife.

"Kin san wannan? Gida na farko da ya fara rubutawa. Daga shi komai ya tashi. Ba ya sa suna, lamba kawai." Ta ɗora yatsa. "Da'ira mace, akwati namiji. Wannan ke ne, Mama. Wannan maigidanki, ga layi biyu, wato ku 'yan uwa ne. Wannan Lubna."

A gefen Lubna akwai wani ɗan akwati, shi kaɗai aka cike da baƙi, aka ja masa layi a karkace. A ƙarƙashinsa an sa bakwai.

Ban tambaye ta ba, ita ma ba ta faɗa ba. Wainar da ke tanda ta ƙone, ina jin ƙaurinta ban motsa ba. Sau nawa na naɗe wa mutane waina da irin wannan shafin, suka ci suka yar a kwata? Kai Malam. Ko a kabari sai ka sa ni abin da ban yi niyya ba.

Ɗana na fari ne, ban taɓa kiran sunansa da bakina ba, ko yana raye ko bayan ya tafi. Na karɓi biron da ke maƙale a rigar Immaculata na miƙa mata.

"Rubuta a ƙasan nan. Nura."

Ta rubuta. Na karɓi takardar na goge man da bakin zanena, bai fita ba. Na shiga ɗaki na shimfiɗa ta a kan taga, na ɗora agogon a kai don kada iska ta ɗauke. Tun ranar suna na manta ban danna shi ya tsaya ba, sai da ya gaji don kansa. Na murza masa kai kamar yadda na ga Malam yana yi, ya ci gaba da tafiya. A kan gado Habiba tana shan nono, ana jin haɗiyarta har bakin ƙofa.